Ra'ayinmu: Garin Neman Gira Kada A Rasa Ido

Tun da aka dawo daga hutu muke lura da wata sabuwar ɗabi'a da ta shigo tsakanin ɗalibai, maza da mata, har ma da waɗansu yayyenmu da suka riga mu fita suka kama aikin gwamnati. Sai ka ga mutum ya karɓo abincinsa ya zauna, maimakon ya wanke hannu ya sa a kwano, sai ya zaro waya daga aljihu ya shiga lissafi. Malmalar tuwo nawa take? Ƙosai huɗu fa? Kafin ya gama miya ta huce, ransa ya ɓaci, ya tsakuri loma biyu ya ture kwanon. Abin da yake ƙidayawa shi ne kalori, nufinsa kuwa ya rage ƙiba.

Ba mu da ja da wannan niyya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana ɗauke da ƙibar da ta wuce kima, kuma sanin kowa ne irin wannan ƙiba takan share wa ciwon sukari da hawan jini hanya. Wanda ya bar gona da tafiyar ƙasa ya koma zaman aji, daga nan ya zarce zaman ofis, lalle ya kamata ya san abin da yake zuba wa cikinsa. Abin da ya dame mu shi ne fargabar da take biyo bayan lissafin, har mutum ya wayi gari yana kallon abincin da ya rene shi kamar abokin gaba.

A ganinmu rabin wannan fargaba rashin sani ne. Kalori ma'auni ne na ƙarfin da jiki yake samu daga abinci, kamar yadda mudu yake ma'aunin hatsi. Wani masani Ba'amurke, Wilbur Atwater, shi ne a ƙarshen ƙarni na 19 ya tsara lissafin da ake bi har yau: giram ɗaya na abinci mai sitaci ko mai gina jiki yana ba da kalori 4, giram ɗaya na mai yana ba da 9. Hukumomin lafiya na Ingila sun ƙiyasta bukatar baligi a kan kalori 2,500 a yini ga namiji, 2,000 ga mace. Fiye da rabin wannan jiki yakan kashe shi ko da mutum yana kwance bai motsa ba, wajen numfashi da bugun zuciya da ɗumama jini. Ƙwaƙwalwa kaɗai takan ɗauki wajen kashi ɗaya cikin biyar na abin da ake kashewa a hutun. Ashe ɗalibin da ya ƙi karin kumallo ya tafi zauren jarrabawa, kansa ya yi wa rowa.

Sa'an nan alƙaluman da ake tsoro ɗin kintace ne. A Amurka ma, inda aka fi tsananta rubuta su a jikin gwangwani da fakiti, doka ta yi wa kamfanoni rangwamen kashi 20 cikin 100. To, ina ga miyar kuka, wadda kowace mai girki da irin hannunta wajen zuba mai? Cokali babba ɗaya na man gyada ko manja ya kai kalori 120, kuma babu wayar da ta san cokali nawa aka zuba a tukunyar da aka dafa wa mutum ɗari. Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da jadawalin abincin Afirka ta Yamma a 2012, ta sabunta shi a 2019, amma shi ma matsakaicin lissafi ya bayar. Wanda ya hana idonsa barci don ya haura da kalori 50, ya yi asarar barcinsa a kan abin da ma'aunin kansa ba ya iya tantancewa.

Ɗaya rabin fargabar kuwa yunwa ce take haifar da shi. A 1944 zuwa 1945 wani masani, Ancel Keys, ya yi gwaji a Jami'ar Minnesota da samari 36 lafiyayyu waɗanda suka amince da kansu. Aka rage musu abinci zuwa wajen rabi har tsawon makonni 24, suka zubar da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Abin lura shi ne halin da hankalinsu ya shiga. Ba su da zance sai na abinci, waɗansu suka koma tara littattafan girki, fushi da baƙin ciki suka yawaita. Da aka sake su, waɗansu suka riƙa ci ba ƙaƙƙautawa. Darasin a fili yake: mutum ya matse cikinsa fiye da kima, tunanin abinci ya mamaye shi, ya kasa daurewa ya ci da yawa, ya zargi kansa da rashin himma, gobe ya ƙara matsewa. Laifin yana ga tsarin da ya ɗora wa kansa.

Saboda haka ga shawararmu ga duk mai niyyar farawa. Da fari, ya yi mako guda yana rubuta abin da ya saba ci ba tare da ya rage komai ba, domin ya san inda yake tsaye. Sau da yawa zai tarar tuwo ba shi da laifi, ɓarnar tana cikin lemon kwalba, wanda guda ɗaya yakan kai kalori 140, da sukarin shayi, da soye-soyen dare. Na biyu, ya rage kaɗan. Abin da likitoci suka saba ba da shawara shi ne ragin kalori kamar 500 a yini, wanda yakan sauke wajen rabin kilo a mako. Sannu ba ta hana zuwa. Na uku, ya dubi mako gaba ɗaya, kada ya yanke wa kansa hukunci da yini guda. Wanda ya ci shinkafar biki ranar Asabar bai rusa komai ba, kuma ba sai ya rama da yunwa ranar Lahadi ba. Nauyin jiki yakan hau ya sauka da kilo ɗaya ko biyu cikin yini saboda ruwa da gishiri, don haka hawa sikeli safe da yamma wahalar da kai ne.

Na huɗu, kuma wannan muka fi ba muhimmanci, kada lissafi ya raba mutum da jama'a. Mu mutane ne masu haɗa hannu a kwano ɗaya. Wanda ya je gida hutu ya ƙi tuwon mahaifiyarsa don bai san alƙaluminsa ba, ya yi hasarar da ta fi kilo. Ya zauna ya ci, ya yawaita miya da ganye, ya tsame hannu in ya ji ya isa. Bayan wata ɗaya ko biyu ido ya riga ya koyi kintace, sai a ajiye waya.

Akwai kuma waɗanda wannan lissafi bai dace da su ba sam. Duk wanda ya ga ya fara ɓuya in zai ci abinci, ko yana tilasta wa kansa amai, ko jiri yana ɗibarsa, ko wadda hailarta ta ɗauke, to ya tsayar da ƙidaya nan take ya nufi asibiti. Cutar ƙin cin abinci, wadda likitoci suke kira anoreksiya, tana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa mafi kisa, kuma ba ta tambayar ƙasar mutum ko launinsa. Mai juna biyu da mai shan maganin ciwon sukari su ma kada su fara sai da sanin likita.

Daga ƙarshe muna kira ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai da su gayyato masanin abinci ya yi mana lacca a wannan zango, ya zo da misalan tuwo da fura da wake, abincin da muke ci a zahiri. Muna kuma roƙon 'yan'uwa da a daina yi wa masu jiki ba'a a ɗakunan kwana. Kalmar da ka jefa cikin raha, wani da ita zai kwana bai ci ba. Lafiya uwar jiki ce, dominta aka fara lissafin tun asali, kuma duk lissafin da ya taɓa ta ya saki hanya.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.