Lafiyar Iyali: In Gwaji Ya Ce Babu, Yaro Kuma Na Ta Tari



Wataƙila kin taɓa kai yaro asibiti yana tari da zazzaɓi, aka zura masa tsinken auduga a hanci, sakamako ya fito wai babu ƙwayar cuta. To 'yar'uwa, kada ki ɗauka magana ta ƙare.

Gwajin da ake kira PCR, wanda Ba'amurke Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983, ba ƙwayar kanta yake gani ba. Ɗan guntun sinadarin gadonta yake nema, ya yi ta ninka shi, ɗaya ya zama biyu, biyu ya zama huɗu, a zagaye na 30 an kai kimanin biliyan ɗaya, sannan na'ura ta gane. Amma fa abin da aka ɗebo shi ake ninkawa. Kamar kiwo ne, in babu uwa a garke ina za a ga 'ya'ya? Idan audugar ta tsaya a bakin hanci, ko an yi gwajin kwana ɗaya kacal da kamuwa, ko abin da aka ɗebo ya sha rana a hanya (kin dai san zafinmu), sai cuta ta ɓoye.

Masana sun yi dabara, yawancin gwaje-gwajen wuri biyu ko uku suke dubawa a jikin ƙwayar. Da nau'in korona na Omicron ya ɓulla a kudancin Afirka a 2021, ya sauya kama har wani gwaji ya kasa ganin wuri ɗaya, sauran biyun suka tona masa asiri. Akwai ma gwajin da auduga ɗaya ke isa a duba korona da mura mai tsanani da RSV, wadda ke wahalar da jarirai.

Naki aikin shi ne ki faɗa wa likita ainihin ranar da ciwon ya fara. Ki rungume yaron da kyau, ki tallafe kansa. Tausayi ne ke sa mu cewa "ya isa haka", alhali kukan na ɗan lokaci ne. In ciwo ya ƙi sauƙi, ki koma ki tambaya ko za a sake gwajin.

Amma in kin ga ƙasan ƙirjinsa na lotsawa yayin numfashi, ko ya ƙi kama nono, ko leɓensa ya sauya launi, ki ɗauke shi zuwa asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, ko me takarda ta ce.