Buhun Tallafi, Wa Ke Biyan Kuɗinsa?

Ambaliyar 2022 ta ci rayuka fiye da 600 a Najeriya, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Idon 'yan jarida da masu agaji ya karkata ga bakin kogin Haɗeja, su Ringim da Auyo. A ƙasar Gumel kuwa, daga Gagarawa zuwa Maigatari da Sule Tankarkar, mamakon ruwan sama ne ke jiƙa ginin ƙasa har ya zube, rumbu ya rushe da ragowar geron bara a ciki. Asara irin wannan ba a ganinta daga Abuja, sai an rubuta ta. To, alƙalamin yana hannun wa?

Hukumomin agaji ba su san gida-gida ba. Sunaye daga mazaɓa suke tasowa, inda kansila da shugaban jam'iyya suka fi kowa baki, kuma a waccan shekarar zaɓen 2023 yana bakin ƙofa.

Mu yi lissafi. Magidancin da ba "namu" ba zai biya kuɗin mota zuwa sakatariya, ya bar gona ana tsakiyar aiki, ya wuni a layi, ya dawo hannu rabbana. Ranar Alhamis sai ya ja akuyar matarsa zuwa kasuwar Maigatari ya karyar da ita, ko ya ci bashi a kan riɗin da bai nuna ba, da kaka ya biya ninki. Wanda ya samu buhun ma ba kyauta ya ci ba: ya jinginar da ƙuri'arsa, kuma ba shi da bakin tambayar me ya sa maƙwabcinsa, wanda ɗakinsa ya faɗi a idonsa, bai samu ba. Wannan ne ya fi ci mini rai, domin zumuncin da ke riƙe ƙauye a lokacin wahala shi ake kashewa da mudun shinkafa.

Amana ma tana da farashi. Mun gani a Oktoban 2020, da jama'a suka fasa rumbunan tallafin korona a Jos da Legas.

Ga kuma bashi. Dala miliyan 750 na shirin NG-CARES da miliyan 700 na ACReSAL rance ne daga Bankin Duniya. In an raba irin wannan kuɗi da katin jam'iyya, ranar biya ba za a tambayi kati ba. Har mutumin da aka tsallake sunansa a Gagarawa zai biya.