Ku dubi gashin tsuntsunku

Yara da yawa a Safo suna kiwon tantabaru ko kaji. Suna zuba masu hatsi da ruwa, sai su tafi wasa. A ganina wannan bai isa ba. Mai kiwo ya kamata ya tsaya ya dubi jikin tsuntsunsa kowace safiya.

Lokacin hunturu za ku ga tantabara ta kumbura gashinta, ta zama kamar ƙwallo. Iska take tarewa cikin gashin don ta ji ɗumi. In rana ta fito sai ta kakkaɓe, ta ci abinci. Wannan ba komi. Namiji kuwa yakan kumbura wuya yana kewaya mace, neman aure yake. Kaza mai ƴan tsaki in ta tada gashi, gargaɗi take yi, kada ku matso.

A Ostiraliya akwai wani ƙaramin aku mai tukku. In ya firgita tukkun ya miƙe, in ya yi fushi ya kwantar da shi.

Amma tsuntsun da ya yini a kumbure, idanu a lumshe, fukafukai a sake, ba ya ci, ba shi da lafiya. Tsuntsu yakan ɓoye ciwonsa don kada shaho ya gane shi, saboda haka in ya nuna, abin ya yi nisa. Cikin sanyi ne cutar kaji take share akurki duka. Ku ware shi nan da nan, ku gaya wa manya su kira malamin dabbobi.