Kwamfuta mai kyan fuska, cikinta na laftof ne

Yau maganata a kan kwamfutar nan ce da ake haɗe komai cikin allo ɗaya, babu akwati ƙarƙashin tebur. 'Yan kasuwar da ke kawo ta daga Kano da Damagaram suna cewa ita ce ta zamani, ita ce ta manyan ofisoshi. Ni kuwa na ce a bi sannu da kuɗin jama'a.

Ku buɗe bayanta ku gani. Yawancinsu kayan laftof ne a ciki: ƙwaƙwalwar, da RAM ɗin, har abin cajin da ke rataye a waje. Mai sayarwa zai ce maka "ai i5 ce". Tambaye shi, wace i5? Core i5-8250U ta laftof ce, an yi ta don wat 15. Core i5-8400 ta akwatin tebur ce, wat 65. Suna ɗaya, ƙarfi ba ɗaya ba. Wannan harafin U na ƙarshe shi ne ba a son ka karanta.

Gaskiya ɗaya ce, ba zan ɓoye ba: in rubuta wasiƙa ne, ko lissafin makaranta, ko buga takardu, ta isa. Ba ta shan wuta da yawa, ƙaramin sola ma na riƙe ta.

Amma nan Gidigir muke, ba Paris ba. A Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, lokacin hunturu ƙura na toshe 'yar fankar da ke ciki. Da ƙwaƙwalwar ta ɗauki zafi, ita da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Sai ka ga aikin minti biyar ya ci rabin awa. In allon ya mutu kuwa, duka ta tsaya. Mai akwati sai dai a canza allo a ci gaba.

Babban abin haushin, an ɗauko cikin laftof an bar batirin. Ni ya faru da ni: ina tsakiyar haɗa hira da wasu manoma, wuta ta ɗauke, aikin yini ya tafi. Kuma ba mu manta Agustan 2023 ba, da Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki. A irin wannan ƙasa, wa ke sayen na'urar da ba ta jure ɗaukewar wuta ko ta daƙiƙa ɗaya?

Don haka ku shugabannin makarantu da ƙungiyoyi, kuɗin nan karo-karon iyaye ne. In aikin mai sauƙi ne, ku sayi laftof, batirinsa na tare da shi. In mai nauyi ne, ku sayi mai akwati, ku haɗa da ondula. In kuma dole sai mai allo ɗaya, a nuna muku cikakkiyar lambar ƙwaƙwalwar kafin ku ƙirga ko jika ɗaya.

Allah ya sa mu dace.