Karangiya Ba Baƙuwa Ba Ce

Duk wanda ya zauna ajin faransanci a lise ya san ranar da ake koyar da maimaita baƙi ɗaya a farkon kalmomi. Mushe ya ɗauko Racine, ya buɗe Andromaque ta 1667, ya karanto baitin nan na macizai mai cike da "s", ɗalibai su kwafe a kaye kamar an saukar da abin daga sama. Ban ƙi Racine ba. Abin da na ƙi shi ne mu fito ajin muna zaton sai an ƙetare teku ake samun wanga salo.

To, mi muke faɗi tun da safe? Lahiya lau. Maza da mata. Kara da kunya. Gaba gaɗi. Wasa da wuta. Mai albasa a Galmi da dillalin bisashe a kasuwar Badagishiri da shi suke ciniki, ba wanda ya ba su maki. Masana adabin Hausa karangiya suke ce mishi, kuma sunan ya dace: ka ratsa daji bayan damina ka ga yadda take maƙale wa wando. Haka maganar ke maƙale wa kunne. Shi ya sa makaɗa irin su Narambaɗa da Ɗan Anace, da ba takarda suke dubawa ba, sunka riƙe shi. Ka karanta Magana Jari Ce ta Abubakar Imam da ƙarfi, harshen mutane za ka ji, na fada da na kasuwa.

Rigimata da mu ce, ƴan wanga ƙungiya. Wasunmu sun ce irin waɗannan kalmomi "maganar tsohuwa" ce, suna goge su daga rubutunsu. Wasu kuma sun cika waƙa da haruffa iri ɗaya don ido kawai, su jera "kai" da "ƙafa" su ce sun yi karangiya. Haba! K daban, ƙ daban, ko yaron da bai shiga lakwal ba ya san haka. Waya ce da injin mai buga takardu, da ke cinye ƙugiya, sunka ruɗe mu.

Kunne ke hukunci a nan. Bakane ya ce "fari fat", mu a Ƙonni da Illela mu ce "hwari hwat". Harafi ya sake, karangiyar tana nan daram. Wanda zai kawo rubutu a fitowa ta gaba, ya fara karanta shi da ƙarfi gaban innarshi, ya ga ko za ta gyaɗa kai.