Lallen Inna a tsakar gidan Mame

Ranar Asabar da ta wuce na yanki rassa goma sha biyu daga jikin lallena, na jera su cikin gwangwanayen tumatir a bayan madafi. Bakwai daga ciki suna da masu su tun kafin su yi saiwa. Autata tana tsugune tana kallona, sai ta ce, "Umma, ke kullum sai rabar da itacenki kike yi, ba kya tsoron ya ƙare?" Na ce mata ai ya taɓa ƙarewa, wanda na bayar ne ya dawo mini. Tana ƙarama sosai lokacin da abin ya faru, shi ya sa ba ta gane ba. Bari in ba ku labarin yadda na ba ta.

Lallen nan asalinsa daga tsakar gidanmu ne a Katsina. Inna ce ta dasa shi kusa da rijiya tun ba a haife ni ba, kuma duk amaryar da aka yi a gidan da ganyensa aka sa ta a lalle, har da ni. Idan ya yi fure, ƙananan furanni farare cunkus a kan reshe, ƙamshinsa da daddare har zaure yake kaiwa. Da zan biyo maigida Kumasi, Inna ta yanko rassa huɗu, ta naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma, ta cusa mini a cikin kwalla. Muka bi ta Maraɗi, Yamai, Wagadugu, muka shiga Gana ta Paga, muka sauko ta Tamale. Kwana uku muna hanya, duk inda aka tsaya salla sai in yayyafa wa tsumman ruwa. Biyu suka bushe, ɗaya ya ruɓe, ɗaya ya kama.

Duk wanda ya zauna gidan haya a zango ya san ba a dasa abu a ƙasa da kwanciyar rai. Ka biya kuɗin shekara biyu a gaba, wa'adi na cika mai gida ya ce ɗansa zai yi aure yana son ɗakin. Saboda haka lallena a tsohon bokitin fenti ya girma, ya bi mu gida uku. A gida na ukun ne na haɗu da Mame, wata dattijuwa Ba'asantiya da katangarta ke jingine da tamu. Ita gidan nata ne, kuma babu tazarar tafin hannu a tsakar gidan da ba ta shuka wani abu ba. Ba banza ake wa Kumasi kirari da birnin lambuna ba, irin su Mame ne suka riƙe sunan.

Wata rana ƙamshin furen ya kai mata, ta leƙo ta katanga. Tana jin Hausar zango, irin wadda ba ruwanta da bambanta mace da namiji. Ta ce, "Hajiya, wannan abu naka yana ƙamshi, ka ba ni kaɗan." Wallahi da farko raina bai so ba. Itacen bai fi ƙuguna ba, kuma ina jin kamar Inna za a yanka. Amma kunya ta hana ni musu, na yanka mata biyu. Washegari ta aiko jikarta da guntayen itace cike da leda: shuwaka, na'ana'a, tushen ciyawar shayi, da wata fulawa mai jan fure babba da suke shinge da ita, 'yar uwar yakuwa ce. Daga nan muka ɗora. Ban taɓa ba ta ko sisi ba, ita ma haka.

A farkon watan Maris na 2020 aka bugo mini waya cewa jikin Inna ya yi tsanani. Na tafi da niyyar mako uku. Ina can cutar korona ta sa Gana ta rufe iyakokinta, sama da ƙasa, filin jirgi bai buɗe ba sai ranar 1 ga Satumba. Allah Ya yi wa Inna rasuwa ina gefenta, wannan kam na gode Masa. Da na dawo Kumasi bayan wata shida, na tarar da lallena ya zama ƙirare. Ba sakaci yara suka yi ba, ƙauna ce ta yi yawa: kullum safe da yamma suna zuba masa ruwa, ga damina ta sauka, ga ramukan gindin bokitin sun toshe da laka. Lalle ɗan ƙasar zafi da rani ne, ya fi jure ƙishi a kan ya tsaya cikin ruwa. Saiwar ta ruɓe ƙurmus.

Na ce ba komai, in na sake zuwa gida na yanko wani. Ashe bayan an raba gado an ja katanga ta tsakiyar gidan, wanda ɓangaren rijiya ya faɗo masa ya sare itacen ya malale wurin da siminti. Ban ga laifinsa ba, ɗaki yake nema wa iyalinsa. Amma ranar da na ji, na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Mame ta zo yi mini gaisuwa, ta ga bokitin a kife. Ba ta ce komai ba, ta kama hannuna ta ja ni gidanta. Can bayan ɗakin girkinta, inda ta tara tsakuwa da yashi, lalle ne tsaye ya fi ni tsayi, har ya fara ƙaya irin ta tsohon lalle. Ta ce, "Na mamanka ne. Ka yanka yadda kake so."

Ba ta yi kuskure ba da ta ce na Inna ne. Abin da aka shuka daga ƙwaya ɗa ne, yana iya ɗauko uwa, yana iya saɓa mata a launin fure ko ƙarfin ƙamshi. Reshe kuwa guntun jikin uwar ne ya ci gaba da rayuwa a wani wuri, duk halinta yana tare da shi. Mu Hausawa mun daɗe da sanin wannan, sai dai ba mu cika kawo shi kan furanni ba. Cediyar ƙofar gida da sanda ake kafa ta. Shingen dashi da na bini-da-zugu haka, rogo da rake haka, zogale ma in an kafa reshensa yana kamawa.

Tunda mata da yawa suna tare ni a Kejetia suna cewa nasu ba ya kamawa, ga yadda nake yi, yawancinsa a wurin Mame na koya. Da sassafe nake yanka, lokacin da itacen ya ƙoshi da ruwa. Ina neman reshen da ba ɗanye sharaf ba, ba kuma tsoho ƙeƙasasshe ba, mai kaurin fensir, tsawon taƙi guda, wato santimita 15 zuwa 20, da gaɓa uku ko huɗu a jikinsa. A yanka da sabuwar reza ko wuƙa mai kaifi, dab da ƙasan gaɓa, don a nan saiwa ta fi saurin fitowa. A zage ganyen ƙasa duka, a bar biyu ko uku a sama, in manya ne a rage su rabi. In akwai fure a cire shi, ko da yana da kyau. Reshen da ba shi da saiwa ba zai iya shayar da fure da tarin ganye ba.

A kula da kai da gindi. Reshe ya san samansa da ƙasansa, in aka kafa shi a juye ba zai yi ba. Ni gindin nake yankewa a karkace, kan kuma a miƙe, don ko an kai wa wata a leda ba za ta rikice ba.

Inda aka fi faɗuwa shi ne wajen ƙasa. Mace za ta ɗebo taki mai kyau ta cika gwangwani, tana ganin gata ta yi. Reshe ba abinci yake nema a lokacin ba, iska da danshi yake so a gindinsa. Yashi kashi biyu, ƙasa mai laushi kashi ɗaya, a huda gindin gwangwanin da ƙusa wuri biyar ko shida. A binne gaɓa biyu, a danna, a ba shi ruwa sau ɗaya sosai, a kifa masa gorar roba da aka yanke wa gindi, a ajiye a inuwa mai haske. Bayan haka sai in saman ƙasar ya fara bushewa. Kuma don Allah a bar ciro shi ana duba ko ya yi saiwa. Sabon toho ma ba shaida ba ne, sau da yawa da abincin da ke jikinsa yake fitar da ganye alhali ƙasa babu komai. Ni sai na ga farar saiwa ta leƙo ta ramin gwangwani, ko na ɗan ja shi a hankali na ji ya riƙe. Lalle da jar fulawar nan sukan ɗauki wata guda zuwa wata ɗaya da rabi. Na'ana'a kuwa a kofin ruwa ma cikin mako take yi, shuwaka ko an yi mata riƙon sakainar kashi sai ta kama.

Akwai masu taurin kai. Bogambiliya, mai ƙaya da launi kamar an yanka takarda, takan kai wata biyu ko uku, kuma saiwarta ba ta son a taɓa ta, gara a yanke gwangwanin a dasa ta da ƙasarta. Ita kuma farenjifani, mai farin fure da rawaya a tsakiya, in aka yanke ta farin ruwa take fitarwa kamar madara, sai an bar ta a inuwa mako ɗaya ko biyu bakin ya bushe kafin a kafa, in ba haka ba ruɓewa take. Wanda ya ƙi duk wannan, Mame ba ta yanke shi daga jikin uwar. Takan feƙe ɓawon reshen zagaye kamar faɗin yatsa, ta naɗa jiƙaƙƙen ɓawon kwakwa da ƙasa, ta ɗaure da leda, sai ta hango saiwa ta cikin ledar sannan ta yanke. A nan Kumasi farkon damina, wajen Afrilu, da kuma Satumba sun fi dacewa. Da hunturu iska na busar da su kafin su farga.

Fulawa ɗaya ce na ƙi karɓa ko daga hannun Mame, wadda ake kira oliyanda, mai dogon siririn ganye da fure ruwan hoda, da ake yawan dasawa a bakin titi. Dafi ce daga ganye har saiwa, ga yaro ga akuya, hayaƙin itacenta ma ba a so. Gidan da yara ke rarrafe ba wurinta ba ne. 'Ya'yan bini-da-zugu ma a sa ido, yara na ɗaukarsu kamar gyaɗa.

Sai maganar da ta fi shafarmu mu matafiya. Na faɗa muku yadda na ƙetaro da rassan Inna a cikin kwalla, ban san ma akwai doka a kai ba. Yanzu na sani, kuma ba zan ce wa kowa ya yi yadda na yi ba. Reshe yana tafiya da halin uwarsa, yana kuma tafiya da cutarta. A farkon shekarun 1970 wani ɗan farin ƙwaro mai kama da auduga ya shigo Afirka daga Kudancin Amurka a jikin sandunan rogo. An fara ganinsa a yankin Kwango, ya bazu ƙasa bayan ƙasa yana cinye gonakin talakawa, sai da masana na cibiyar IITA da ke Ibadan suka nemo wani ɗan mitsitsin zanzaro mai kashe shi daga can asalinsa, suka fara sakinsa a 1981, sannan aka samu sauƙi. Wanda ya ɗauko sandunan nan bai yi nufin sharri ba, iri mai kyau ya gani. Don haka ne ake da ma'aikatan gona a kan iyaka masu duba tsirrai da ba da takardar lafiyarsu. Mai son ƙetarewa da dashe ya neme su. Kada a ɗauko da ƙasa a jiki, kuma rogo da 'ya'yan ayaba a bar su inda suke. Ko daga maƙwabta aka karɓo, a juya bayan ganye a duba, a ware shi gefe mako biyu ko uku kafin ya shiga cikin sauran.

Gaskiya lallen Kumasi ba ya kama hannu kamar na gida. Ruwa ya yi yawa, zafin rana bai kai ba, jansa yakan tsaya a ruwan goro. In biki ya taso har yanzu garin lalle nake sa a kawo mini daga arewa. Amma da aka tashi sa babbar 'yata a lalle bara, na tsinko ganye cikin tafi ɗaya daga bokitin, na shanya, na daka, na zuba a cikin kwaɓin. Mame na zaune a cikin mata da zanen kente, aka sa mata a yatsa ɗaya tana ta dariya.

Cikin bakwai ɗin da na ce suna da masu su, ɗaya Tamale za shi wurin matar abokin cinikin maigida, ɗaya Tachiman, biyu Nima a Ankara, uku nan cikin unguwa. Kowacce na gaya mata sharaɗina: in ya kai ƙugu, ta yanka wa wata biyu, ta kuma gaya mini gidan da ya shiga. Ina rubutawa a bayan littafin bashi. Zuwa yau gida goma sha tara ne. Sauran biyar ɗin na bayan madafi, mai so ta zo da gwangwaninta bayan mako shida, amma ta huda gindinsa tun daga gida.