Tsaron salula: ina ya kamata ɗaliban Tawa su kai taronsu?

Kowace shekara, da zaran an koma karatu a watan Oktoba, ƙungiyoyin ɗalibai kan zauna su tsara ayyukan da za su gudanar. A jami'ar Tawa, wadda aka kafa a shekara ta 2010, kuma take ɗauke da sunan masanin tarihin Adar Djibo Hamani, batun tsaron intanet ya cancanci shiga cikin wannan tsari. Sai dai duk kwamitin da ya ɗauki wannan nauyi, tilas ya fara amsa tambaya ɗaya kafin ya nemi ɗakin taro ko ya buga takardun gayyata: wa ake so ya amfana?

Al'adar da aka gada dai sananniya ce. A gayyato babban baƙo daga Yamai, a jera kujeru, a yi jawabi da Faransanci, a sha lemu, a ɗauki hotuna, a watse. Waɗanda suka halarta kuwa su ne waɗanda tun farko suka san abin da ake cewa. Matar da ke Barmu ko Kalfu, wadda mijinta ke aiko mata da kuɗin hatsi daga Abijan, ba ta san an yi ba. Ita ce kuma ɓarawon zamani yake nema.

Adar ƙasar biɗa ce tun kaka da kakanni. Bayan girbi, samari da magidanta kan fantsama zuwa Kodibuwa, Nijeriya, Kamaru da Libiya. A da, ana ba ɗan gari mai komawa gida saƙo ya kai hannu da hannu. Yau kuɗi na bin kamfunan aika saƙo irin su Nita da Amana, ko kuma asusun salula, labari kuwa na bin muryar WhatsApp. Sauƙi ya samu, amma amanar da ke tsakanin mutum da mutum ta koma cikin ƴan lambobi, kuma wanda ya riƙe lambobin shi ke da kuɗin.

Dabarun mazambata ba su da yawa, maimaita su ake yi. Wani ya kira ya ce ya tura kuɗi bisa kuskure, ya haɗa da saƙon ƙarya mai kama da na kamfani, ya roƙi a mayar masa. Wani ya ce shi ma'aikaci ne, za a rufe layi in ba a faɗa masa lambar sirri ba. Wani kuma ya nemi lambobi 6 da WhatsApp ke aikowa. Da ya same su sai ya ƙwace asusun, ya shiga roƙon dangi da sunan mai shi. Maganin kowace ba ya bukatar digiri: a duba abin da ke cikin asusu kafin a mayar da ko dala, kada a faɗa wa kowa lambar sirri, a kunna tabbaci mai mataki biyu, a kira ɗan'uwa a ji muryarsa kafin a aika.

Saboda haka, abu na farko da kwamiti zai tsayar shi ne harshe. Taron da ba a yi da Hausa ba, tare da tafinta na Tamashek da Fillanci ga mutanen Tabalak da arewacinta, ya bar masu shi a waje. Na biyu shi ne wuri da lokaci. Ranar Lahadi, ranar kasuwar Tawa, ƙauyuka ke shigowa gari da kansu. Rumfa ɗaya kusa da tasha, inda ɗalibai biyu ko uku za su zauna su nuna wa mutum a kan salularsa yadda zai canja lambar sirri, ta fi jawabin awa uku. Watan Oktoba, wanda Amurka ta keɓe tun 2004 don faɗakarwa kan tsaron intanet, ya zo daidai da kaka a nan, wato lokacin da masu tafiya ke ɗaure kaya. A kama su kafin su tashi, su da iyalansu, sannan a sake zagayowa gab da Sallar Layya, sa'ad da aike ya fi yawa.

Na uku shi ne abokan aiki. Masu cajin salula, masu saida kati da masu gyara su ne sakatarorin waɗanda ba su iya karatu ba. A hannunsu sirrin unguwa guda yake. Zama ɗaya da su na iya kare gidaje da dama. Haka nan ƴan mata ɗalibai su shiga ƙungiyoyin mata masu adashi, tun da akwai ƙofar da namiji ba ya shiga. Gidajen rediyon karkara kuma za su kai saƙo inda mota ba ta kai ba, muddin an nemi yardar hakimai da magadan gari.

Kada kuma a manta da doka, domin ta shafi ɗaliban kansu. Nijar ta kafa dokar hukunta laifukan intanet ranar 3 ga Yuli 2019. A 2022 an cire hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi, amma a watan Yuni 2024 aka mayar da shi. Ke nan, tura wa jama'a saƙon da ba a tantance ba na iya kai mutum gaban alƙali. Jami'ar da ke da sashen koyar da shari'a ba ta rasa malamin da zai warware wannan. Ga masu sha'awar koyon dabarun kutse kuwa, sharaɗi ɗaya ne: gwaji a kan na'urar da aka ba ka izini kaɗai.

A ƙarshen shekara, kada kwamiti ya ƙirga kujerun da suka cika. Ya ƙirga salula nawa aka sa wa kariya, ƙauye nawa aka taka, ya kuma rubuta komi ya bar wa magadansa, don kada aikin ya mutu ranar da shugabanninsa suka karɓi takardar kammalawa. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. A Adar, rigakafin nan buhun hatsin wani gida ne.